Kundin aikin wake da ƙwaro na 'yan SS3

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Kafin mu buɗe babin juyin halitta yau, na yi wa yaran tambaya ɗaya: me ya sa maganin sauron da a da ake fesawa a kwana lafiya, yanzu sai a fesa, a rufe ɗaki, a dawo a tarar sauro na ta kuka? Su arba'in da uku ne, kusan baki ɗaya suka ce, "Malam, ai ya saba da shi ne." Na kawo zancen kulorokwin, wanda Najeriya ta sauke daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005 saboda ya daina ci. Amsar ba ta canza ba. Wai cutar ta saba.

Shekara tara ke nan ina koyar da wannan babi a nan Zariya, kuma wannan kalma ta "sabo" ita ce ta fi damuna. Yaro zai haddace cewa Darwin, masanin da ya yi bayanin juyin halitta, ya fitar da littafinsa a 1859, ya ci jarrabawa, ya fita da sabon nan a kansa kamar yadda ya shigo da shi. Sabo abu ne da ke samun mutum ɗaya cikin rayuwarsa. Ɗan dako ya saba da kaya, amma ɗansa ba ya faɗowa duniya da kanta a kafaɗa. Abin da ke faruwa da sauro daban ne: tun kafin a fesa, a cikinsu akwai 'yan ƙalilan da suka gaji juriya. Maganin ya kashe sauran, su suka rage, su suka hayayyafa. Babu sauro ɗaya da ya canza. Lissafin taron ne ya canza.

Bana na ƙuduri aniyar ba zan faɗa musu wannan da baki kawai ba, sai sun ƙirga da hannunsu. Shugaban makaranta ya ba mu kabad ɗaya a ɗakin gwaji da ɗan fili a bayan ajujuwa. Za mu yi wasan tsince wake a ƙasa, kuma za mu kiwata ƙwaron wake a kwalba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na shiga kasuwar Sabon Gari neman waken da ƙwari suka ci. Dattijon da na tsaya wurinsa ya dube ni da kyau ya ce, "Malam, kowa gudunsa yake yi, kai kuma nemansa kake yi?" Da na yi masa bayani, ya ɗebo mini gwangwani biyu daga wanda ya ware wa dabbobi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Allah ya saka masa da alheri. Lafiyayyen waken kuma, mudu biyu, a wani wuri dabam na saye shi a hanyar dawowa.

Mun wanke kwalaben Bama uku, muka rufe bakinsu da yadin tatar koko da roba. Kowace kwalba ƙwari ashirin, goma mata goma maza. Rabe su ya ci mana rabin awa. Macen ta fi girma da duhu, tana da tabo baƙi a kowane gefen baya, namijin ya fi ƙanƙanta da haske.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Monita ne ya tare ni a bakin ƙofa: "Malam, sun mutu." Cikin sittin, huɗu ne kaɗai ke motsi. Na shinshina waken, sai na ji ɗan warin da ya kamata in lura da shi tun ranar Laraba. An zuba masa maganin ƙwari ne, aka sayar mini a matsayin na ci. Abin ya tsaya mini a rai, domin wani gidan a daren nan ya dafa irinsa ya ba yara.

Amma darasi ya zo har gida. Na ɗaga kwalbar na ce, waɗannan huɗun fa? Wani daga baya ya ce sun fara sabawa. Na ce a kwana biyu? Wa ya koya musu, kuma me ya hana sauran hamsin da shida su koya? Aji ya yi tsit. Can wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ko dama can ba ɗaya suke da sauran ba?" Na sa ta maimaita da ƙarfi.

Na kuma gaya musu gaskiya: ba za mu iya rantsuwa cewa gado ne ya cece su ba. Wataƙila sun maƙale ne a jikin yadi, ba su taɓa maganin sosai ba. Sai an ga 'ya'yansu da jikokinsu sun jure kafin a ce gado ne. Wannan gwajin ba za mu yi shi ba, ba zan haɗa yara da guba ba. Waken mun binne shi a rami mai zurfi.

Talata, 15 ga Oktoba

Wasan tsince wake bai yi ba. Na watsa farin wake hamsin da ja hamsin a kan jar ƙasar bayan aji, yara uku suka zama "tsuntsaye", kowa ya tsinci abin da idonsa ya fara gani. Farin ya ƙare da sauri, kamar yadda muka zata. Sai da muka koma kan toka, inda ya kamata farin ya ɓoye, shi ɗin dai aka fi tsinta. Dalili kuwa, farin ƙanannado ne, ya kusa ninka jan a girma. Bambanci biyu muka haɗa a gwaji ɗaya, launi da girma. Za mu sake.

Litinin, 21 ga Oktoba

Wani ɗalibi daga wajen Shika ya kawo mana sabon wake daga gonar mahaifinsa, wanda bai ga magani ba. Mun shanya shi a kan baƙar leda, muka lulluɓe da fara, daga hantsi zuwa azahar, domin zafin ya kashe duk ƙwan da ke maƙale. Mun yi haka da waken suya ma.

Tsarin yanzu: kwalba ɗaya farin wake, abincin da ƙwaron ya gada kaka da kakanni, ɗaya kuma waken suya, wanda ba ya karɓarsa da kyau. Kowace mata goma, maza goma. Dalilin da na zaɓi wannan hanya shi ne aikin wani masani a Amurka, Frank Messina, wanda ya ɗora irin wannan ƙwaro a kan ƙaramin waken nan da Larabawa ke kira adas. Da farko tsutsa ɗaya ko biyu cikin ɗari ke rayuwa a cikinsa. Da aka ci gaba da haɗa waɗanda suka tsira da junansu, kafin zuri'a ta ashirin sama da tamanin cikin ɗari ke fitowa. Ba na sa ran mu ga irin wannan a zango ɗaya. Amma za mu aza tubali.

Da gilashin ƙara girma muka kalli mace tana aiki. Takan zagaya ƙwayar wake tana shafa ta da 'yan gashin kanta, wani lokaci ta wuce, wani lokaci ta tsaya ta manna ƙwai ɗaya, ɗan ɗigo mai sheƙi kamar ƙaro. In ta tarar da ƙwai a kan ƙwaya, ta fi son ta nemi wata. Tsutsar da za ta ƙyanƙyashe hudawa take yi ta shige ciki kai tsaye, ba ta da hanyar komawa wata ƙwayar har ta girma. Ke nan inda uwa ta ajiye ta, nan ne arzikinta ko kabarinta. Na tambayi yaran: uwar da ke tara ƙwai bakwai a ƙwaya ɗaya da wadda ke rarrabawa, jikokin wa za su cika rumbu? Ba su sha wahalar amsawa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Yau wasan ya yi, kuma yabon na wani yaro ne daga cikin birni wanda mahaifinsa baduku ne. Shi ya kawo karan dafi, muka tsoma rabin farin wake a ruwansa ya yi ja, muka shanya. Ɗaya rabin muka tsoma a ruwa zalla, don kada fatar wannan ta yamutse ta wancan ta zauna sumul. Wake iri ɗaya, girma ɗaya, launi ne kawai ya raba su.

Dokar ita ce a watsa ɗari, a tsinci saba'in da biyar, ashirin da biyar da suka rage kowanne ya "haifi" uku irin launinsa, su koma ɗari. A kan jar ƙasa mun fara da hamsin da hamsin. Zagaye na farko ja 17 suka tsira, fari 8, sabuwar zuri'a ta zama 68 da 32. Na biyu 84 da 16. Na uku 96 da 4. A kan toka abin ya juya: fari 64, sannan 80, sannan 92.

Na tsayar da su a wurin, rana na dukanmu, na ce wa "tsuntsayen" su nuna mini ƙwaya ɗaya da ta canza launi. Babu. Na ce to wa ya yi niyyar mayar da filin nan ja? Babu wanda ya yi. Kowa abin da ya gani ya ɗauka. Na ce wannan shi ne abin da littafi ke kira zaɓin yanayi, ni kuwa na fi son in kira shi tankaɗe da rairaya, domin rariya ba ta ƙera tsaki, ba ta kuma san tana zaɓe ba, abin da ya zo mata ne take rabawa. Sharuɗɗan uku ne, duk suna ƙarƙashin ƙafarmu: akwai bambanci, ana gadonsa, kuma ba kowa ke kai wa ga haihuwa ba.

Baba maigadi ya daɗe yana kallonmu. Da muka gama ya ce, "Malam, ai abin da muke yi da dawa ke nan. Zangarniyar da ta fi cika ita ake ratayewa ta zama iri." Na ce haka ne, Baba, kuma shi kansa Darwin da misalin manoma da masu kiwon tattabaru ya buɗe bayaninsa. Bambancin kawai, a gona kai ne rariyar, a daji kuwa fari ne da cuta da shaho.

Laraba, 30 ga Oktoba

Misalan littafi yau. Wani malam-buɗe-littafi mai tashi da dare a Ingila, wanda asalinsa fari ne mai ɗigo-ɗigo. An fara ganin baƙinsa a Manchesta a 1848, lokacin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, kafin ƙarshen ƙarnin kusan duk na garin baƙaƙe ne. Da aka tsaftace iska bayan dokar 1956, farin ya dawo. Yaran da kansu suka ce, "Jar ƙasa da toka."

Sai tsuntsayen tsibiran Galafagos, inda Darwin ya sauka a 1835. Masana biyu, Peter da Rosemary Grant, sun fara auna bakin waɗannan tsuntsaye a ɗan tsibirin Daphne Major tun 1973. Da aka yi fari a 1977, ƙananan tsaba suka ƙare, manya masu tauri suka rage, sama da kashi tamanin cikin ɗari na tsuntsayen suka mutu. Masu kaurin baki sun fi tsira, kuma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe bayan nan bakinsu ya fi na zuri'ar baya kauri da kusan kashi huɗu cikin ɗari.

Tambayar da nake jira kowace shekara ta zo: "Malam, gaskiya ne wai daga biri muka fito?" Ba na gudunta. Na ce masana wannan fanni ba su ce birin da kuke gani a daji ne kakan mutum ba. Abin da suka ce, bisa ƙasusuwan da aka tono da kwatanta ƙwayoyin gado, shi ne mutum da manyan birai sun haɗa tushe mai nisa, kuma wajibi ne ku san hujjarsu daidai, ba yadda ake faɗa a bakin titi ba. Imaninmu game da Annabi Adamu, alaihis salam, ba a ɗakin gwaji aka ba mu shi ba, kuma akwai malamai da suka fi ni sanin yadda ake tattauna wannan. Abin da na roƙe su shi ne kada wannan tambaya ta sa su rufe ido daga sauro da ƙwaro da ƙwayar cuta, waɗanda ke canzawa a gabanmu kuma suna kashe mu. Cikinsu akwai masu son zama likitoci.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Darasin sikila. Na yi kwana biyu ina tunanin yadda zan shige shi, domin a ajin akwai yarinya mai ɗauke da SS, wato wadda ta gaji ƙwayar sikila daga uwa da uba, kuma da wuya a sami wanda amosanin jini bai taɓa danginsa ba.

Tambayar ita ce: in har ciwon nan yana ɗauke yara tun suna ƙanana, me ya sa ƙwayar gadonsa ba ta ƙare ba? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila (S) ɗaya da lafiyayyiya (A) ɗaya. Wani masani, Anthony Allison, shi ne ya nuna a 1954, a Gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ke nan rariya biyu ce ke aiki a lokaci ɗaya. Sikila na rage masu SS, zazzaɓi na rage masu AA, na tsakiya su fi yawan kai wa ga girma da haihuwa, kuma a jikinsu ƙwayar S take tafiya. Ba sai an je nesa ba. A binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a Garki, cikin Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, an tarar kusan jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samunsu, yayin da kason masu AS ya fi yawa a manya fiye da jarirai.

Mun zuba wake 86 fari a jaka a madadin A, da 14 ja a madadin S. Kowa ya zura hannu ya ɗauko biyu, a rubuta, a mayar. Sau ɗari muka yi: AA 75, AS 22, SS 3. Lissafi ya ce a sa ran 74 da 24 da 2. Da aka ɗauko ja biyu karo na farko, babu wanda ya yi dariya.

A nan na gyara wata fassara da ke yawo a bakin ɗalibai, wai "mai ƙarfi ne ke rayuwa". Ba ƙarfi ake nufi ba, ba kuma daraja ba. Dacewa da wuri ake nufi. AS riba ce a inda sauro yake, a ƙasar da babu zazzaɓi ba ta ƙara komai. Waɗancan alƙaluma kuma na ƙauyukan da ba su da asibiti ne shekaru hamsin baya. Yau mai SS da ke samun kulawa yana karatu, yana aiki, yana aure. Bayan tashi yarinyar ta tsaya ta ce, "Malam, ashe abin da ke ba ni ciwo shi ya raya kakannina." Na ce haka ne, 'yata. Na ƙara mata da cewa ta tsaya kan gwajin jini kafin aure, ita da ƙawayenta duka.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Sun fara fitowa tun ranar Juma'a, kwana ashirin da biyar bayan zuba iyayen. Kafin ƙwaro ya fito ana ganin ɗan zagaye mai duhu a ƙarƙashin fatar waken kamar taga, sai ya ture murfin ya bar huji mai kyau kamar an yi da basilla.

Ƙwan da muka ƙirga a farin wake 612 ne, a waken suya 388. Kwalbar suya shiru har yanzu.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ƙwarin da suka fito daga farin wake sun tsaya a 431. Mun ɗauka rabinsu mata ne, wato kowace uwa ta bar 'ya'ya mata wajen ashirin da ɗaya da rabi. Yaran suka yi ta ninkawa a allo, a zuri'a ta shida mata kaɗai sun kusa biliyan guda, daga goma. Wani ya ce, "Malam, to me ya hana su cinye Zariya?" Abinci, wuri, zafi, da buhun nan mai leda biyu a ciki da ke toshe musu iska. Wannan ninkin da ba ya yiwuwa shi Darwin da wani masani mai suna Wallace suka lura da shi, kowa a nasa ɓangaren, har aka karanta takardunsu tare a Landan a 1858: ana haihuwar fiye da abin da wuri zai ɗauka, dole wasu su faɗi, tambayar ita ce su wa.

Daga waken suya mun sami 23, sun makara da sama da mako guda, kuma ƙanana ne. Mun zuba su a sabon waken suya su kaɗai. Cokali daban, yadi daban, domin namiji ɗaya daga ɗaya kwalbar ya isa ya ɓata mana komai.

Na kawo musu zancen Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da wake SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke kare kansa daga tsutsar maruka mai huda fure da kwanso. Na tambaye su, in kowa ya shuka shi shekara da shekaru, me zai faru? Mutum biyar suka ɗaga hannu, kuma babu wanda ya ce tsutsa za ta saba. Sun ce in akwai mai juriya ko ɗaya ce, ita za ta rage. Shi ya sa a irin wannan shuka ake son a bar wa ƙwari mafaka, tsiron da babu kariya a jikinsa, domin marasa juriya su wanzu su yi ta barbara da masu ita, abin ya yi jinkiri.

Laraba, 11 ga Disamba

Hunturu ya sauka, kabad ya yi sanyi, ƙwarin sun rage sauri. Zuri'a ta biyu ba za ta fito ba sai mun tafi hutu. Ƙwai 204 ne a sabuwar kwalbar suya.

A gwajin ƙarshen zango na maimaita tambayar sauro ta ranar farko. Mutum 29 sun amsa da bambanci da gado da wanda ya rage. Tara sun bar kalmar sabo amma sun shigo da ita ta bayan gida: "sauron ya canza kansa domin ya rayu". Biyar suna nan inda suke. Waɗannan goma sha huɗun zan koma da su bayan aji a Janairu, su zama tsuntsaye da kansu.

Ɗalibar nan ta ranar Juma'ar da ƙwari suka mutu ta kawo shawara a rubuce. Ta ce in an yi zuri'a shida a waken suya, a mayar da su farin wake zuri'a ɗaya, sannan a dawo da jikokin kan suya. In sabo ne, zai goge, tunda iyayen jikokin ba su taɓa ɗanɗana suya ba. In gado ne, zai tsaya. Na sa ta kwafe shi a shafin farko na littafin ƙirga, da sunanta a ƙasa. Su za su gama makaranta kafin a kai nan, don haka na zaɓi 'yan SS2 shida da za su gaji aikin, yau aka fara koya musu rabe mace da namiji.

Kwalaben zan tafi da su gida ranar Juma'a, a kwali, a naɗe da tsohon bargo. Ana bukatar ƙarin waken suya mudu ɗaya wanda bai ga magani ba, da gilashin ƙara girma na biyu.